Gayyar da Na Kira Babu Tuwo

Jiya da hantsi na zauna a bakin gona ina kallon mutum biyu da tankin feshi a bayansu. Kafin rana ta take sun gama, sun wanke hannu, sun hau babur sun nufi Kiru. Ban ce ba daɗi, bayana ya huta. Sai dai daminar bana ta ɗauko halin wata damina da ba na son tunawa: ruwa ya sauka muka yi shuka, ya ɗauke, ya dawo da ƙarfinsa, ciyawa ta riga masara miƙewa. Tun daga gonar har na dawo gida waccan shekarar nake ta juyawa a raina, har Uwani, matata, ta tambaye ni ko wani abu aka yi mini.

Abin ya haura shekara goma yanzu, lokacin da azumi yake faɗowa a tsakiyar damina. Mu mutanen wannan gari asalinmu ba nan ba ne. Ruwan dam ɗin Tiga ne ya ci garin iyayenmu, aka kwaso su aka zube a kan wannan tudu tsakanin Bebeji da Kiru, ni ina goye. Da rani su, wato kamun kifi, muke yi a dam, da damina mu koma gona. Gonar da aka ba mahaifina, marigayi Malam Ilu, ita ce a hannuna har yau, jar ƙasa ce da ta fi son ciyawa a kan hatsi. Ba ni da wata bayan ita.

Kakar da ta gabaci shekarar ba ta yi kyau ba. Tun kafin watan Sha'aban Uwani ta fara shiga rumbu da tsintsiya. Da ruwan farko ya sauka muka yi shuka da murna, masara ta tsiro, sai sama ta rufe bakinta kusan sati uku. Kullum da yamma hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, mu fito muna kallonsa, iska ta zo ta kaɗa shi ya tafi ya zuba wa mutanen Doguwa. Zafi irin wanda kake jin warin ƙasa tana ƙonewa. Masara ta naɗe ganye, ta yi ja, ta kwanta. An fita roƙon ruwa sau biyu, na fita duka biyun, na dawo da ƙaiƙayin maƙogwaro.

Da ruwa ya dawo, irin da ya rage mana ɗan wanda Uwani ta ɓoye ne a tulu, ta barbaɗe shi da toka. Sau biyu na ce ta fito da shi a niƙa, ta yi kamar ba da ita nake ba. Shi muka shuka karo na biyu, muka san kuma babu na uku. A wajen shukar ne na sari ƙafata ta hagu da sungumi, a kan ƙashin idon sawu. Na yi ta maza, na shafa ƙasa, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Kwana huɗu ƙafa ta kumbura ta zama kamar taɓarya, ba na iya taka ta.

A haka aka ga wata. Ruwa kuma da ya tashi ramuwa sai ya zama kullum ne, safe ko yamma. Katangar bayan gida ta zube, kayan sawa ba sa bushewa, itace ya jiƙe, Uwani ta yi ta fama da hayaƙi idonta jawur. Sahur ɗumamen tuwo ne idan an samu ya kwana, in ba haka ba garin rogo da ruwa. Shan ruwa kunun tsamiya ne mai ruwa-ruwa, da kwaɗon tafasa ko rama da ɗan ƙuli-ƙuli a kai don dai a ce an sa. 'Ya'yanmu mata ne, duk ƙanana a lokacin, su ake fara zuba wa. Kifi ma ya ɓace, ruwan dam ya yi ja, ko da ina da ƙafar zuwa.

Gona kuwa ta cika. Harƙiya, gude-gude, ƙiri-ƙiri, can ƙasa wajen kwari kuma aya-aya ta yi shimfiɗa. Masarar tana ciki siririya, ta fara yin rawaya. Duk manomi ya san idan noman farko ya wuce lokacinsa da sati biyu a irin wannan ruwa, to ka haƙura, kara za ka girba. Nakan dogara sanda in ja ƙafa zuwa gonar bayan asuba, in zauna a ƙasa ina cira da hannu, ina jan gindi. Kafin rana ta ɗaga na yi kunya biyu, wani lokaci uku, bakina ya bushe, ƙafa tana zugi har cikin kai. Washegari in tarar inda na cire ya fara kore.

Maganin irin wannan a wajenmu gayya ce. Amma gayya tana da ƙa'ida. Za ka kai goro, ka sa rana, mutane su zo da fartanyoyinsu, kai kuma tuwo da miya da kunu a kanka suke. Idan da azumi ne, a yi aikin daga bayan asuba zuwa hantsi, tuwon kuma a kai wa kowa gidansa da shan ruwa. Wanda ba shi da tuwo ba ya kiran gayya. Ba wanda ya rubuta wannan, amma kowa ya sani. Ni kuwa ko tuwon gidana ban da shi, kuma ina da wani hali da na gada, ba na son a gan ni a ƙasa. Shehu mai babur, taubashina, ya zo wata safiya da fartanya a kafaɗa wai zai kama mini. Na ce masa ban mutu ba tukuna, idan na mutu ya zo ya gaji gonar. Ya yi dariya ya tafi, ni kuma na zauna ina jin haushin kaina da nasa.

To akwai wata 'yar waya a gidan, ta Uwani, ƙaninta ne ya bar mata. A cikinta akwai wani dogon shirin Indiya, labarin sarakunansu na da da abubuwan bautarsu. A kasuwar Ƙafin Maiyaki ake turo shi, wajen masu tura finafinai a memori. Yadda aka ba ni labari, shirin talabijin ne mai kashi-kashi da yawan gaske, sai wasu masu sonsa can wata ƙasa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya suna matsewa, kowane kashi ya koma ɗan mitsitsi yadda ƙaramar waya za ta ɗauka. Matsewar ta ci hoton. Fuskokin kamar kana leƙa su a cikin ruwan kududdufi, idan aka fara yaƙi kuwa hoton ya farfashe ya zama dabbare-dabbare, sai ƙara kawai kake ji. Ni ban taɓa tsayawa na kalla ba. Na dawo daga wajen su a ƙarshen rani na tarar da shi a gida, na yi faɗa, na ce ban ga abin kallo a mutum mai hannu huɗu ba, kuma in na sake jin kiɗansa da azumi zan jefa memorin a murhu. Uwani ta ce to, ta sa wayar a ƙasan adaka.

Ranar goma ga azumi Shehu ya sake zuwa, wannan karon ba fartanya. Ya zauna a bakin tabarma, ya tambayi ƙafa, ya ce ta yi kyau, ta kusa kai girman bakina. Can ya sassauta murya.

“Haladu, an ce akwai shirin Indiyawan nan a gidanka.”

Na ce yana nan, kuma wuta zai shiga.

“Kada ka ƙona. Mutane sun dame ni a kansa, kowa so yake ya gani, kuma duk garin nan babu mai shi sai kai. Yunwar la'asar ɗin nan ita ke kashe mu. Ka kira gayya, kallon ya zama shi ne tuwon.”

Na ce masa ashe haukan nasa ya kai nan. Gumaka, da azumi, a ƙofar gidan Malam Ilu? Ya ce shi zai riƙe wayar, duk inda suka fara bautarsu zai tsallake. Na kore shi. Amma da la'asar na ja ƙafa na je na tsaya a kan gonar, na nemi masarata a cikin ciyawa sai da na sunkuya sannan na gan ta. Na dawo na aika a kira mini shi. Wallahi ban ji daɗin kaina ba, amma a raina na ce ai ba roƙo na yi ba, ina da abin da suke so, suna da abin da nake so.

Washegari bayan asuba mutum goma sha biyu suka zo. Har da Baba Mati, abokin mahaifina, wanda tare aka kwaso su daga tsohon gari, tsoho ne da ya kamata a ce ya ajiye fartanya. Na ce, “Baba, har da kai?” Ya ce shi ba kallo ya kawo shi ba, yaran nan ya zo ya sa wa ido kada su sare masara. Suka jera, kowa ya kama kunya. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi nauyi, tana manne wa fartanya, sai an yi taku kaɗan a tsaya a kankare. Ba kiɗa, ba waƙa, ba wanda yake da yawun yin su. Sai ƙarar fartanya da numfashi. Ni ina gindin ɗorawa da ƙafata a miƙe, ina ta sannu da aiki har na gaji da jin muryata. Da rana ta fara cizo suka ajiye, riguna sun jiƙe sharkaf, leɓɓa sun yi fari, kowa ya nufi tasa gonar ko inuwarsa.

Bayan la'asar suka taru a ƙofar gidana. Shehu ya riga ya kai wayar caji Ƙafin Maiyaki ya dawo da ita. Aka kifa turmi, aka ɗora kwanon sha a kai, aka jingina wayar a cikin kwanon don sauti ya ƙaru. Ƙarti goma sha ɗaya suka haɗa kai a kan abin da bai kai tafin hannu ba. Baba Mati ya zauna gefe ya ba su baya yana jan carbi, amma kunnensa yana wajen.

Babu fassara a shirin. Akwai wani rubutu a ƙasa da matsewar ta mayar kamar sawun tururuwa. Shehu ne mai fassara, shi da ko gaisuwar Indiyanci bai sani ba. Sarki ya yi dogon jawabi yana hawaye, Shehu ya ce wai cewa ya yi a rufe masa awaki hadari ya taso. Idan aka nuno wajen bautarsu, da fitilu da furanni, sai ka ji a'uzubillahi ta ko'ina, Shehu ya danna ya wuce. Labarin dai, yadda muka fahimta, wani ɗan sarki ne 'yan'uwansa suka raba shi da garinsu, ya shiga daji da iyalinsa shekara da shekaru. Da aka zo inda suke fita daga gari da ƙunshin kayansu suna waiwaye, Shehu ma ya bar fassara. Baba Mati ya ce, ba tare da ya juyo ba, a kan jaki aka fito da tasu tukunyar.

Ni da na ce ba zan kalla ba, kafin rana ta biyu ta ƙare na matso da tabarmata. Gaskiya yana cin lokaci. Kana cikin jin hanjinka yana naɗewa, sai ka ga an harba kibiya ta zama wuta, ta haɗu da wata ta zama ruwa, kafin ka farga rana ta yi ja an fara haramar alwala. Su watse, kowa ya tafi ya sha ruwa a gidansa, ba kwano ko ɗaya da ya fita daga nawa gidan. Wannan yana ci mini rai, amma nakan ce ai sun kalla.

Haka muka yi kwana huɗu. Rana ta uku ruwa ya kama su a gona, ba su tsaya ba, suka ƙarasa a cikinsa suna rawar sanyi. Inda aka nome masara ta fara ɗago kai, korenta yana dawowa. Saura ɓangaren kwari, inda aya-aya ta fi yawa, kuma nan ne masarar ta fi kyau, nan ne abincin gidan yake.

Rana ta huɗu da shan ruwa na tambayi Uwani kashi nawa ya rage. Ta ce wanda muka gani yau shi ne na ƙarshe mai buɗewa. Na karɓi wayar na danna na gaba, baƙi. Na gaba da shi, baƙi. Ta ce haka ya zo, mai turin ya ce daga wajen waɗanda suka matse shi ne ya lalace, shi ma nasa haka yake. An tsaya daidai inda ɗan sarkin ya tara rundunarsa a bakin wani kogi, garinsu yana tsallake.

Kunun da ke hannuna ya fita daga raina. Idan na faɗa, wa zai zo ya shiga aya-aya da azumi a bakinsa, ba tuwo, ba kallo? Idan na yi shiru, na ci guminsu da ƙarya. Na yi tunanin gaya wa Shehu, na tuna bakinsa ba ya riƙe magana, kafin isha gari ya ɗauka. Uwani ta ce in faɗa musu kawai. Na ce ta bar ni, ba ita za ta tsaya a gaban maza ba. Na yi shiru. Ina sane na yi, ba mantuwa ba ce, masarar na zaɓa.

Da safe suka zo, har da ƙarin mutum ɗaya. Ranar ba hadari, rana ta fito tun da wuri, ƙasa tana tururi. Aya-aya ba a sare ta a wuce, sai an tono 'ya'yanta, in ba haka ba jibi ta dawo. Suka duƙa a cikin taɓo har idon sawu. Hantsi ya yi, lokacin tashi ya wuce, ba su tashi ba, wai gara a gama. Na ga Baba Mati ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya daɗe a tsaye idonsa a rufe, sannan ya sake duƙawa. Sau uku na buɗe baki zan yi magana, abin da ke fitowa sannu da aiki ne. Sai kusan azahar suka fito daga kunyar ƙarshe. Ban taɓa jin azumi mai nauyin na ranar ba, kuma ba yunwa ce ta sa ba.

Bayan la'asar suka zo kamar kullum, suna jan ƙafa. Aka kifa turmi, aka ɗora kwano. Shehu ya miƙo hannu in ba shi waya. Na riƙe ta. Na ce ina da magana. Na gaya musu shirin ya ƙare tun jiya, sauran ba ya buɗewa, kuma na sani tun jiyan na ɓoye, don kada a bar mini kwari. Na ce na ci amanarsu da azumi a bakina, su yafe mini. Ina maganar ina kallon turmin, don ba zan iya kallon fuskar kowa ba.

Can wani daga baya ya yi 'yar dariya, aka zungure shi. Shehu ya sosa ƙeya.

“A bakin kogin nan ko? Ai a nan yake tsayawa. Kowa a nan nasa ya tsaya.”

Na ce nasa wa?

Sai ga wayoyi suna fitowa daga aljihu, uku, huɗu, biyar. Ashe tun da rani, ina can bakin dam, shirin ya zaga gari daga waya zuwa waya, kwafi ɗaya ne, da lalacewarsa. Babu wanda bai gani ba a cikinsu, wasu sau biyu. Kwana huɗu suna zaune a ƙofar gidana da yunwa, suna salati, suna riƙe baki, a kan abin da suka san ƙarshensa.

Kunya ta rufe ni, sai ta juye ta zama faɗa, don ni haka nake. Na ce wato wasa da hankalina aka yi, an mayar da ni abin dariya. Baba Mati ya juyo, karo na farko da ya fuskanci turmin nan.

“Haladu, da mun zo maka da fartanya kawai, me za ka ce mana?”

Na san korarsu zan yi, Shehu ma ya sani.

“To ka gani. Ilu ya bar gona ɗaya a ƙarƙashin ruwa. Ba za mu zauna muna kallo ciyawa ta ci ta biyun ba saboda ɗansa ba shi da tuwo.”

Ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, ya ce a tashi a yi alwala, rana ta yi ƙasa. Suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce mini Allah ya ƙara sauƙi. Shehu ne na ƙarshe, ko tsokana ɗaya bai yi ba, wannan ya fi mini ciwo a kan ya yi.

Na ja ƙafa na shiga gida. Uwani tana tsugune a bakin murhu tana dama kunu, hayaƙi ya cika tsakar gida. Na tsaya a kanta na ce ita ma ta san kowa yana da shi? Ba ta ɗago ba. Ta ce ita ce ta je wajen matar Shehu aka ƙulla wannan dabara, ranar da ta gan ni ina jan gindi a cikin gona.

Na zauna a bakin ƙofar ɗaki, ta zubo kunu a kofi ta miƙo mini. Na riƙe shi har ya fara hucewa.

“Ka sha ruwa, Malam,” ta ce. “An kira salla tun ɗazu.”